Dillalan Suna: Gasar Ƙasa da Ƙasa a Kasuwar Hulɗa da Jama'a

Ranar 12 ga Satumba, 2017, wani kamfani da ke unguwar Holborn a tsakiyar birnin Landan ya faɗa hannun masu kula da kamfanonin da suka durƙushe. Ba shi da masana'anta, ba shi da rijiyar mai, ba shi da jirgin ruwa ko ɗaya. Jarinsa tebura ne da wayoyin tarho da sanin manyan mutane, hajarsa kuwa magana. Sunansa Bell Pottinger, kuma shekara da shekaru shi ne ƙofar da gwamnatoci da attajirai suke ƙwanƙwasawa idan sunansu ya ɓaci a idon duniya. Gwamnatin Belarus ta taɓa zuwa, ta Sri Lanka ta zo, ta Bahrain ma haka. Wanda ya kafa shi, Tim Bell, shi ne gwanin tallan da ya taya Margaret Thatcher cin zaɓe har sau uku a Birtaniya. Amma wata kwangila guda daga Afirka ta Kudu ta ja masa baƙin jinin da ya kasa wankewa, abokan cinikinsa suka watse, ya rufe ƙofa.

Labarin wannan kamfani hanya ce ta shiga wata kasuwa da yawancinmu ba mu taɓa taka ta ba, alhali kullum hajarta tana shigowa gidajenmu ta rediyo da jarida da wayar hannu. A nan gida Najeriya, idan an ce jami'in hulɗa da jama'a, abin da ke zuwa a rai shi ne kakakin 'yan sanda ko mai magana da yawun gwamna, wanda ke raba takardar sanarwa ga manema labarai. A Landan da New York da Faris da Beijing kuwa, sana'ar ta zama ta biliyoyin daloli. Kamfanoninta suna da rassa a kowace nahiya, suna haɗiye juna, suna ƙwacen abokan ciniki, suna rige-rigen kwangilar ƙasashe. Abin da ake kokawa a kai shi ne yardar mutane: wa za a gaskata, wa za a tausaya wa, wa za a juya wa baya. Tunda kuwa yardarmu ce ake ciniki, ya kamata mu san dillalan.

Daga kwandon waya zuwa daular magana

Amurka ce mahaifar wannan sana'a a sigarta ta zamani. A farkon ƙarni na 20, wani tsohon ɗan jarida, Ivy Lee, ya fara ba manyan kamfanoni shawarar su daina kulle ƙofa idan masifa ta auku, su riga kowa yin bayani. Shi ne iyalan Rockefeller suka ɗauka bayan kisan da aka yi wa ma'aikatan haƙar kwal da iyalansu a Ludlow a 1914. Bayansa sai Edward Bernays, wanda ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud kawunsa ne. Shi ya kawo nazarin zuciyar mutane cikin harkar, kuma shi ya yi wa kamfanin ayaba na United Fruit aikin shafa wa gwamnatin Guatemala baƙin fenti a jaridun Amurka kafin a kifar da ita a 1954. Tun daga tushe ke nan sana'ar tana da fuska biyu, ta bayani da ta juya tunani.

Abin da ya mai da ita gasar duniya shi ne haɗiye-haɗiyen shekarun 1980. A 1985, Martin Sorrell, tsohon daraktan kuɗi na kamfanin talla na Saatchi & Saatchi, ya sayi hannun jari a wani ɗan ƙaramin kamfanin Ingila mai ƙera kwandunan waya irin na sayayya a kanti. Kwandunan ba su dame shi ba, rajistar kamfanin a kasuwar hannun jari yake so. Cikin shekara biyu wannan kamfani, da aka taƙaita sunansa zuwa WPP, ya saye rukunin J. Walter Thompson, wanda Hill & Knowlton ke cikinsa. A shekarar 2000 ya ƙara da Young & Rubicam, ya samu Burson-Marsteller a ciki. Biyu daga cikin tsofaffin gidajen hulɗa da jama'a na Amurka suka koma ƙarƙashin inuwar Landan, kuma a 2024 aka narkar da zuriyarsu wuri guda da sunan Burson.

Abokan hamayya ba su zauna ba. Omnicom na New York ya tara FleishmanHillard da Ketchum da Porter Novelli. Interpublic, shi ma na New York, ya riƙe Weber Shandwick da Golin. Publicis na Faransa, wanda aka kafa tun 1926, ya gina MSL. A 2013 Publicis da Omnicom suka sanar da za su haɗe, amma auren bai ɗauru ba, ya watse a 2014. Shekara goma bayan haka, a watan Disambar 2024, Omnicom ya sanar da zai saye Interpublic a cinikin da ya haura dala biliyan 13.

Wannan ƙishirwar girma tana da dalili. Kamfanin da ke sayar da lemo ko magani ko mota a ƙasashe hamsin yana son hannu ɗaya ya riƙe masa maganarsa a ko'ina, don haka mai ofis a ko'ina shi ke cin kwangila. Ga kuma Google da Facebook da suka janye kaso mafi tsoka na kuɗin talla zuwa aljihunsu, ga kamfanonin ba da shawara irin Accenture da suka kutso cikin gonar. Wanda bai yi ƙiba ba, haɗiye shi za a yi.

Akwai wanda ya ƙi sayuwa. Edelman, da Daniel Edelman ya kafa a Chicago a 1952, har yau na iyali ne, ɗansa Richard ke jan ragama, kuma a 2022 kuɗin shigarsa ya haura dala biliyan ɗaya. Kowace shekara a watan Janairu, daidai lokacin taron attajirai da shugabanni a Davos, yakan fitar da rahoton da ke auna yadda jama'ar ƙasashe suka yarda da gwamnati da 'yan kasuwa da kafofin labarai. Jaridun duniya suna ɗauka. Rahoton yana da amfani ga mai nazari, kuma shi ne babbar tallar kamfanin, domin wanda ya auna maka zazzaɓi shi za ka fara tambaya magani.

Yadda ake cinikin

Idan babban kamfani ko wata ma'aikatar gwamnati na neman dillali, sai a gayyaci gidaje huɗu ko biyar. Kowanne ya kwashe makonni yana bincike, ya zo da tawagarsa da hotuna da alƙaluma, ya baje kolin dabararsa cikin sa'a ɗaya ko biyu. Wanda ya yi nasara yakan samu kuɗin wata-wata. Daga nan aiki ya fara: a tara mutane kaɗan a ɗaki a gwada musu kalmomi don a ga wacce ta fi taɓa zuciya, a rubuta wa shugaba maƙala a nemo mata gurbi a babbar jarida, a koya masa amsa tambayar da ba ya so, a kai 'yan jarida ziyarar gani da ido a nuna musu abin da ake so su gani, a yi kamun ƙafa wurin 'yan majalisa.

Mafi yawan wannan aiki halal ne, wani ma na ceton rai ne. A 1982, lokacin da mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya sa wa guba, kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, ya fito ya gargaɗi jama'a kada su sha. Har gobe ana koyar da wannan a makarantun sana'ar, domin magana ta tafi tare da aiki. Matsala tana farawa ne inda aka ɗauko magana don ta maye gurbin aiki, ko aka ɓoye bakin da ya furta ta. Kuma babu inda wannan jarrabawa ta fi tsanani kamar a kwangilar ƙasashe, inda kuɗin ke da yawa, abin da ake son binnewa kuma yake da nauyi.

Hawaye a gaban majalisa

Ranar 10 ga Oktoba, 1990, wata biyu da 'yan kwanaki bayan sojojin Saddam Hussein sun mamaye Kuwaiti, wata yarinya 'yar shekara 15 ta zauna a gaban wani zauren 'yan majalisar Amurka mai kula da haƙƙin ɗan Adam. An gabatar da ita da suna ɗaya tak, Nayirah, aka ce an sakaya sauran don kare danginta. Muryarta na rawa, tana share hawaye, ta ce tana aikin sa kai a wani asibiti a Kuwaiti ta ga sojojin Iraƙi suna ciro jarirai daga kwalaben renon bakwaini, suna barin su a ƙasa su mutu. Kyamarori suka ɗauka, gidajen talabijin suka yaɗa. Shugaba George Bush babba ya yi ta maimaita labarin a jawabansa, sanatoci suka kafa hujja da shi. A watan Janairun 1991 majalisar dattawa ta amince da yaƙi da ƙuri'a 52, masu adawa 47.

Sai a Janairun 1992 ɗan jarida John MacArthur ya bayyana a jaridar New York Times cewa yarinyar 'yar jakadan Kuwaiti a Amurka ce. Aka kuma san cewa Hill & Knowlton ne ya shirya fitowarta, a ƙarƙashin kwangilar kusan dala miliyan 11 da wata ƙungiya mai suna Citizens for a Free Kuwait, wadda kusan duk kuɗinta daga gwamnatin Kuwaiti ya fito. Masu binciken haƙƙin ɗan Adam da suka je bayan yaƙi ba su samu shaidar da ta tabbatar da labarin ba, Amnesty International kuma ta janye goyon bayan da ta fara ba shi.

Mamayar Kuwaiti zalunci ce ta gaske, an kashe mutane, an azabtar da wasu. Gaskiyar da ke ƙasa ta isa hujja. Amma dillalin ya auna kasuwa ya ga cewa labarin jarirai ya fi saurin shiga zuciya, sai aka tura shi gaba. Wannan ita ce illar gasar: mai biya yana son sakamako, kuma ya san in wannan gida ya yi sanyi, akwai wani a gefen titi.

Tun daga nan layin ƙasashe bai yanke ba. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Saudiyya ta ɗauki Qorvis na Washington, wanda Publicis ya saye daga baya. Rasha ta yi aiki da Ketchum daga 2006 zuwa 2015, kuma shi ne ya kai maƙalar Vladimir Putin shafin New York Times a Satumbar 2013. A 2016 wata cibiyar binciken 'yan jarida ta Landan ta bankaɗo cewa ma'aikatar tsaron Amurka ta biya Bell Pottinger sama da dala miliyan 500 don aikin farfaganda a Iraƙi. Da rikici ya ɓarke tsakanin Qatar da maƙwabtanta a 2017, kowane ɓangare ya garzaya Washington ya ɗauki nasa dillalan. Bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a Oktobar 2018, wasu gidaje sun ajiye kwangilar Saudiyya, amma kasuwar ba ta rasa masu karɓa ba.

Najeriya, tsohuwar abokiyar ciniki

Ƙasarmu ta daɗe a wannan layi. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ɓangaren Biyafara ya ɗauki wani kamfani a Geneva mai suna Markpress, wanda ya riƙa aika sanarwa ga jaridu da 'yan majalisun Turai, yana shirya wa manema labarai tafiya fagen daga. Yunwar da ta kashe yara gaskiya ce mai ɗaci, kuma wannan aiki ya taimaka wajen kai hotunanta kowane gida a Turai. Gwamnatin tarayya ita ma sai da ta nemi nata dillalan a Landan. An yi yaƙi da bindiga a gida, an yi wani da takarda a waje.

A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok. Duniya ta ɗauki zafi, aka yi ta sukar gwamnatin Goodluck Jonathan da jan ƙafa. A watan Yuni sai labari ya fito daga Washington cewa an ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 1.2 da kamfanin Levick don sauya yadda ake ba da labarin. Kwanaki kaɗan sai ga maƙala da sunan shugaban a jaridar Washington Post. 'Yan Najeriya suka yi wa kamfanin ca a Twitter. Tambayar iyayen yaran guda ɗaya ce, ina 'ya'yanmu, kuma babu gwanin alƙalamin da ke da amsarta.

Kowane ɓangaren siyasa ya je wannan kasuwa. Jam'iyyar APC ta yi aiki da AKPD, gidan da David Axelrod, mashawarcin Barack Obama, ya kafa, gabanin zaɓen 2015. PDP ta ɗauki kamfanin Ballard Partners na Amurka a 2018. Jaridar Guardian ta Birtaniya kuma ta ruwaito a 2018 cewa wani attajiri mai goyon bayan Jonathan ya ɗauki kamfanin Cambridge Analytica a zaɓen 2015, aka yaɗa wani bidiyo mai cike da zubar da jini don tsorata masu zaɓe da Muhammadu Buhari, ko da yake jaridar ba ta ce shugaban ya san da aikin ba. Wanda ya shirya irin wannan bidiyo yana zaune a wata ƙasa mai nisa. In wuta ta tashi a Kaduna ko Jos, hayaƙinta ba zai kai tagarsa ba.

Akwai abin lura a nan. Farashin Levick da kwangilar Ballard mun san su ne saboda wata dokar Amurka ta 1938, wadda ta tilasta wa duk mai yi wa wata ƙasa irin wannan aiki ya yi rajista a ma'aikatar shari'a, ya bayyana wanda ya ɗauke shi da abin da aka biya. An yi dokar ne bayan binciken majalisa kan farfagandar Jamus ta zamanin Hitler, binciken da ya gayyaci Ivy Lee kansa a 1934 saboda aikin da ya yi wa kamfanin I.G. Farben. Ɗan Najeriya yana jin yadda aka kashe kuɗin ƙasarsa ne daga kundin wata ƙasa.

Ladan kuturu

Mu koma kan Bell Pottinger. 'Yan'uwa uku, Ajay da Atul da Rajesh Gupta, sun fara isa Afirka ta Kudu daga Indiya a 1993, suka gina daular kasuwanci, suka ƙulla zumunci da Shugaba Jacob Zuma, har ɗansa Duduzane ya zama abokin kasuwancinsu. A 2013 jirgin da ya ɗauko baƙin bikin gidansu ya sauka a sansanin sojan sama na Waterkloof, ƙasa ta ɗauki surutu. A watan Maris na 2016 mataimakin ministan kuɗi Mcebisi Jonas ya fito fili ya ce iyalan sun yi masa tayin kujerar minista. Manyan bankuna suka rufe asusun kamfanoninsu.

A farkon wannan shekara ta 2016 ne kamfaninsu, Oakbay, ya ɗauki Bell Pottinger a kan fam 100,000 kowane wata. Dabarar da aka bi ita ce a kawar da idon jama'a daga zargin cewa iyali ɗaya ya kama wuyan gwamnati, a mai da shi kan yadda tsirarun fararen fata suka kankane dukiyar ƙasa. Wannan ƙorafi yana da tushe. Shekaru bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, ƙasa da manyan kamfanoni suna nan galibi a hannun da suke, talaka baƙar fata yana ji a jikinsa. Abin da ya yi muni shi ne ɗaukar ciwon al'umma na gaske a mai da shi garkuwar wasu attajirai, a riƙa nuna masu sukarsu, har da 'yan jarida, a matsayin 'yan koren Turawa.

Tim Bell ya bar kamfanin a Agustan 2016. Wasu abokan ciniki masu tushe a Afirka ta Kudu, irin su Richemont da Investec, suka janye. A tsakiyar 2017 dubban saƙonnin imel na iyalan Gupta suka faɗa hannun 'yan jaridar bincike na amaBhungane da Daily Maverick da News24, asiri ya tonu. Talakawan ƙasar suka yi wa shafukan kamfanin dirar mikiya, wasu mazauna Landan suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishinsa. A watan Yuli shugaban kamfanin James Henderson ya nemi afuwa, ya kori jagorar aikin. Jam'iyyar adawa ta Democratic Alliance ta kai ƙara gaban ƙungiyar masu sana'ar ta Birtaniya, wato PRCA, wadda a farkon Satumba ta kori kamfanin na tsawon shekara biyar, bisa hujjar cewa aikinsa na iya rura wutar gabar launin fata. Mako guda bayan haka ya faɗi.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidan da ya karɓi kuɗin wata-wata daga mai mugun ƙulli, sannu a hankali zai tsinci kansa yana tufka igiyar. Sai dai abin da ya fi burge ni a wannan labari shi ne waɗanda suka kayar da shi: 'yan jaridar Afirka da suka yi haƙurin karanta saƙonni dubbai, da talakawan da suka ƙi a yi wasa da tabon da ke jikinsu. Amma kada a ɗauka kasuwa ta tashi. Reshen kamfanin na Asiya ya ci gaba da sabon suna, na Gabas ta Tsakiya wani ya saye, ma'aikata suka bazu cikin wasu gidaje.

Sababbin 'yan takara

Gasar ta daina zama ta Landan da New York kaɗai. BlueFocus na ƙasar Sin, da aka kafa a Beijing a 1996, ya saye We Are Social na Birtaniya a 2013, ya ƙara da Vision7 na Kanada a 2014. Japan tana da Dentsu, Indiya tana da Adfactors na Mumbai. Ƙasashen Larabawa masu arziki, bayan ɗaukar dillalai, sun koma sayen dandalin kansa: Qatar ta karɓi gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya a 2022, asusun jarin Saudiyya ya jagoranci sayen kulob ɗin Newcastle a 2021. A Afirka kuma manyan gidajen suna shigowa ta hanyar saye ko ƙawance, kamar yadda Edelman ya saye wani gida a Afirka ta Kudu a 2013, ya ƙara da na Gina Din a Kenya a 2020.

Ƙarƙashin waɗannan akwai wata kasuwar duhu da ba ta da allon suna a ƙofa. A watan Mayun 2019 Facebook ya goge asusu da shafuka 265 da ya danganta da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes Group. Shafukan suna shigar burtu, suna nuna kamar na 'yan ƙasa ne ko na kafofin labaran cikin gida, kuma cikin ƙasashen da aka nufa da su akwai Najeriya da Nijar da Senegal da Togo da Angola da Tunisiya. An kashe kimanin dala 800,000 wajen tallata su. A farkon 2023 binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyun Najeriya ke biyan masu tarin mabiya a intanet a asirce don yaɗa labaran ƙarya. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo: a Afrilun 2023 aka ruwaito cewa BlueFocus zai daina ɗaukar marubuta da masu zane na waje, ya koma ga na'ura. Da farashin ƙera magana ya faɗi, masu ƙera ta za su ƙaru, tantance ta kuma ya ƙara wuya.

Maroƙi da fuskarsa a buɗe

Bahaushe ba baƙo ba ne ga sana'ar ɗaga suna. Je ka wurin ɗaurin aure ka ga maroƙi. Yana tsaye a tsakiyar taro, hularsa a karkace, muryarsa ta cika unguwa, yana jero asalin mutum da kyautarsa. Wanda ake wasawa ya sa hannu a aljihu ya miƙa, maroƙin ya ɗaga kuɗin sama ya faɗi adadinsu da sunan mai bayarwa. Kowa ya ga hannun da ya bayar, kowa ya ga bakin da ya yaba, don haka mai sauraro ya san awon da zai yi wa yabon. Ko sojojin baka da ke cika gidajen rediyon Kano, yawanci an san ubangidan kowannensu. Abin da ke da haɗari a kasuwar duniya shi ne yabo ko zagin da ke zuwa cikin rigar labari, ko rigar ra'ayin talaka, ko hawayen yarinyar da aka ɓoye sunan mahaifinta.

Saboda haka gyaran da ake buƙata a bayyane yake. Duk kwangilar da gwamnati ta ƙulla da kuɗin jama'a don gyaran suna a waje, a sanar da ita a gida, da farashinta da abin da aka saya. Cibiyar masu sana'ar ta Najeriya, NIPR, wadda ta samo asali a 1963 ta kuma samu ƙarfin doka a 1990, da takwararta ta Afirka, APRA, da aka kafa a Nairobi a 1975, su nuna cewa ƙa'idojinsu suna da haƙora kamar yadda PRCA ta nuna a 2017. Editoci su riƙa raba labari da talla, su gaya wa mai karatu idan wani ne ya biya kuɗin tafiyar wakilinsu.

Muna kuma da shaida a gida cewa yarda ba a shigo da ita a kwantena. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargi da tsoro, cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da malamai, da masu unguwanni, da matan da suka riƙa shiga gida-gida suna magana da iyaye mata cikin harshensu, da waɗanda cutar ta nakasa da suka fito suka ce a dube su. Shekaru aka kwashe ana wannan aiki, har a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Wannan ma hulɗa da jama'a ce, kuma ta yi nasara ne domin masu maganar sanannu ne, ana haɗuwa da su a masallaci da kasuwa, in sun yi ƙarya akwai inda za a same su.

Manyan gidajen za su ci gaba da haɗiye juna, sababbi za su taso daga Beijing da Mumbai da Dubai, ƙasashe za su ci gaba da bin layi. Mu da ake wa cinikin, abin da ke hannunmu shi ne abin da mai sauraron maroƙi yake da shi tun kaka da kakanni. Idan labari ya iso majalisarmu da yamma, ta rediyo ko ta waya, ya zo a shirye tsaf yana neman mu so wani ko mu tsani wani, kafin mu tura shi gaba mu nemi ganin hannun da ya miƙa kuɗin.